Riyal 3.45 a awa: yadda na sauka daga mota na koma jirgi a Riyad

Jirgin ƙasan cikin birnin Riyad ya fara ɗaukar fasinja ranar 1 ga Disamba 2024, kwana huɗu bayan Sarki Salman ya ƙaddamar da shi. A makon farko muka hau, ni da maman yara da yaran, don kallo kawai, kamar yadda rabin garin ya yi. Muka je tashar KAFD, ta cibiyar hada-hadar kuɗi ta Sarki Abdallah, wadda kamfanin marigayiya Zaha Hadid ya zana, muka sha hotuna, muka tura wa 'yan uwa a Kano, aka yi ta aiko da masha Allah. Washegari na tayar da motata na tafi aiki kamar ba a gina komai ba. Haka na ci gaba har aka buɗe ja da koren layi a tsakiyar watan, aka buɗe na ruwan lemo ranar 5 ga Janairu 2025, layi shida suka cika, kilomita 176, tasha 85. Duk ina jin labarin a rediyon mota, ina tsaye a cunkoson Titin Sarki Fahad.

Wanda ya zauna a garin nan ba zai yi mamaki ba. Riyad an shimfiɗa ta ne don mota. In ka tambayi mutum kwatancen gidansa, lambar mafitar babban titin zobe zai fara ba ka, ya ce makhraj 10 ko makhraj 15, don bai ma kawo a ransa za ka zo ta wata hanya ba. Mutum wajen miliyan 7 ne a birnin, kuma ya bazu ta ko'ina, gida hawa biyu, katanga, fili, wani gidan. Ga arahar mai. Kawuna, wanda aka haifa a Makka ya dawo nan tun yana saurayi, har yau yana kewar lokacin da litar fetur 91 take halala 45 (halala ɗari ce riyal ɗaya), ƙasa da kuɗin ƙaramar gorar ruwa. A ƙarshen Disambar 2015 ta koma halala 75, a Janairun 2018 ta yi tsalle zuwa riyal 1.37, sannan tun Yulin 2021 gwamnati ta ɗaure ta a riyal 2.18. Kawu na kuka da tsada, ni kuwa da nake jin abin da ake sayen lita a gida tun da aka cire tallafi a 2023, sai in yi shiru.

Muna zaune a Manfuha, kudu da tsohon gari. Wurin aikina na arewa, a Ulayya, kusa da inda Titin Uruba ya ratsa. Shuɗin layi ya bi ta unguwannin nan biyu kamar don ni aka ja shi. Amma me zai sa in bar mota? Man da nake ƙonawa zuwa da dawowa bai taka kara ya karya ba, inshora da fahas (binciken lafiyar mota) da istimara (rajistar mota) kuwa ko na hau ko ban hau ba sai na biya. Wurin ajiyewa kuma kyauta ne. Kowa ya san yadda ake yi: in babu gurbi ka hau dakalin masu tafiya a ƙasa, in nan ma ya cika ka tare bayan wani, ka rubuta lambar wayarka a guntun kwali ka jingina a gilashin gaba. Wani lokaci kana tsakiyar aiki a kira ka, ka sauko da gudu ka matsa, mai motar ya harare ka, ka ce masa ma'alesh, shi ke nan. Shekara da shekaru haka muka rayu, ba wanda ya ga abin a matsayin kuɗi.

Sai aka fara kafa alluna a layin ofishinmu. Tsarin biyan kuɗin fakin na hukumar birnin, wanda aka soma a 2024, ya fara ne da unguwannin da ke gefen jirgin nan: Wurud, Muruj, Rahmaniyya, Sulaimaniyya, unguwar Sarki Fahad da wani ɓangare na Ulayya. Aka zo aka shata gurabe da fenti, aka dasa injinan biya. Kuɗin riyal 3.45 ne a awa, har da harajin kashi 15 cikin ɗari, minti 15 na farko kuma kyauta. Na sauke manhajar a waya, na sa lambar mota, na haɗa da katin banki. Ba wuya ko kaɗan. Ka tsaya, ka haska alamar da ke jikin allo da kyamarar waya, ka zaɓi awa nawa, kuɗi ya fita. Sauƙin ma shi ne abin tsoro, don ba ka jin fitarsu sai saƙon banki ya shigo.

Dabarar da ta fara zuwar wa kowa ita ce a shige lungunan gidaje da ke bayan ofis. To masu tsarin sun riga mu tunanin haka. Gurabe na cikin unguwa an mayar da su na mazauna da baƙinsu, da izinin da ake cira a manhajar ta hanyar Nafath, manhajar gwamnati ta tantance mutum, wato sai adireshinka ya nuna a nan kake. Gaskiya ban ga laifinsu ba. Mutum ya dawo gida da azahar ya tarar da motocin ma'aikata sun toshe masa ƙofa, ai ba zaman lafiya.

Daren nan na ɗauki biro. Dawam ɗina, wato lokacin aikina, awa tara ne in an haɗa da hutun salla da cin abinci. Awa tara sau 3.45 ya ba ni riyal 31 da 'yan halala a rana. A wata, in ka cire Juma'a da Asabar, ya doshi riyal 700. Baƙo mai igama, wato takardar izinin zama, da ya kawo iyali ya san nauyin wannan lambar, don tun Yulin 2020 kowane mutum ɗaya da ke ƙarƙashinka riyal 400 kake biya masa duk wata. Wato ajiye ƙarfe a bakin titi ya kusa cin kuɗin zaman mutum biyu. A ginin da muke akwai fakin na ƙarƙashin ƙasa, amma gurabensa an riga an rabe su tun daga sama, kuma kafin rabon ya gangaro kan irinmu ya ƙare. Su waɗanda suka fi mu albashi ko a jikinsu.

Maman yara na kallona ina ta buge-bugen lissafi, ta ce, "Abban yara, wai ba jirgin nan ne muka hau har kana cewa ko a Turai sai haka ba? To ga shi nan ai."

Da safe na tafi tashar Manfuha. Hanyar biya uku ce. Kana iya ɗora katin bankinka ko wayarka a kan shingen shiga, a cire riyal 4, ya buɗe. Kana iya sayen tikiti a manhajar Darb. Ko kuma ka sayi katin Darb na roba a inji ko a taga, ka riƙa zuba masa kuɗi. Riyal 4 ɗin nan ba na hawa ɗaya ba ne, na awa biyu ne daga lokacin da ka fara ɗorawa, kuma ya haɗa jirgi da bas, ko sau nawa ka sauya. Akwai na kwana uku riyal 20, na mako riyal 40, na kwana talatin riyal 140. Darajar farko kuwa riyal 10 ce a awa biyu. Na tsaya gaban injin ina sake lissafi a ka, wani ɗan Sudan a bayana yana ta gyaran murya. Zuwa da dawowa riyal 8 a rana, a wata ya haura 170, ke nan na watan ya fi sauƙi, balle in an ƙara da fitar Asabar. Na danna na 140, na ɗora katin bankina na mada, inji ya turo. Ba a tambaye ni igama ba, ba takarda, ba kafili, ba dawo gobe. A ƙasar da kusan komai sai ka bi ta Absher, manhajar hidimomin gwamnati, wannan kaɗai ya sa na tsaya ina jujjuya katin a hannu.

Abin da na fara lura da shi a ciki shi ne shiru. Dandamalin a rufe yake da gilashi, ƙofofinsa ba sa buɗewa sai jirgi ya tsaya daidai da su, don haka ba ƙara, ba ƙura, ba hucin waje. Babu direba, kwamfuta ke tuƙi. An raba taragon uku: darajar farko, wurin iyali da mata, da wurin maza su kaɗai. Namu na maza shi ne mai cika. Daga Manfuha akan samu wurin tsayawa da sarari, a tashoshin Sikirina da Ud a ƙaru, a Ƙasarul Hukum masu sauyowa daga layin ruwan lemo su shigo (ita wannan tashar sai ƙarshen Fabrairun 2025 aka buɗe ta), amma a Badha ake yin ta. Nan 'yan Bangaladash da Fakistan da Indiya da Misira da Yaman ke kwararowa, wasu da rigar aiki mai sunan kamfani, wasu da ƙunshin abinci a leda, har sai ka rasa inda za ka sa ƙafa ta biyu. Daga Murabba zuwa sama sai fararen riguna da shimag, mayafin kai na maza, su fara yawa, matasan ƙasar masu aiki a bankuna da ma'aikatu, kowa da abin sauraro a kunne. Kafin rabin awa na fito a Uruba. A mota tafiyar nan in an yi sa'a minti arba'in ce, in wani ya goga wa wani a gadar sama kuma sai yadda hali ya yi, don ba mai matsawa sai Najm, masu duba haɗarin mota don inshora, sun zo sun ɗauki hoto.

Wani abu da ban zata ba: ashe muna da yawa a garin nan. Shekarun da na yi a mota, Hausa sai a gida, sai majalisar Kawu, sai in an je Badha aika kuɗi. A jirgi kuwa ba a mako ban ji ta ba. Na haɗu da wani ɗalibi ɗan Zariya da ke sauka a tashar STC ya kama jan layi zuwa Jami'ar Sarki Sa'ud, wanda na gane shi tun kafin ya yi magana saboda hular da ya kafa. Na ji wasu mata biyu a bakin matattakala suna rigima kan kuɗin adashe da Hausar Makka, mai cike da ya'ani da khalas. Wata dattijuwa ta tsaya a shinge katinta ya ƙi buɗewa, tana ta faɗa ita kaɗai, na ce, "Hajiya, sannu, kawo in duba miki." Ta waigo kamar ta ga ɗan cikinta, ta ce, "Kai ɗan nan, Allah ya kawo ka! Wannan abu ya raina ni." Kuɗin ne ya ƙare a ciki. Muka je inji na nuna mata inda ake zubawa, ta yi ta sa albarka har jirginta ya zo.

To wannan duk daɗin ne. Wahalar ba a cikin jirgin take ba, tana tsakanin ƙofar gidana da ƙofar tasha.

Gidanmu ba a bakin layin yake ba. Tafiya ce ta kamar minti ashirin da ɗoriya, kuma a watannin sanyi har daɗi take yi, ka sa rigar sanyi, ka tsaya a bufiya ka karɓi shayi da sanwicin ƙwai. Ko a lokacin ma sai ka san unguwar ba don mai ƙafa aka yi ta ba. Dakalin tafiya yana nan a gaban gida uku, a na huɗu mai gida ya mayar da shi gangaren shigar da mota, a na biyar an ajiye tankin shara, a na shida wata tsohuwar Camry ta hau ta kwanta. Sai ka sauka kan kwalta, kana tafe kana waiwaye. Kusa da tashar an gyara sosai, an faɗaɗa, an dasa itatuwa, amma gyaran bai shiga cikin lunguna ba. Akwai babban titi ɗaya da dole in tsallaka, kuma fitilar masu ƙafa tana can nesa, sai ka yi zagaye. Na ga masu yanke wa da gudu, ni dai ina da 'ya'ya.

Da Mayu ta kama sai labari ya sauya. Zafin Riyad ba irin na Jidda ba ne mai gumi, busasshe ne, kamar an buɗe maka murfin tanda a fuska. A Yuni da Yuli awo na haura 43, wani lokaci ya taɓa 45 ko fiye. Da safe da dama-dama. Dawowar la'asar ce matsala, lokacin da kwalta da katangu suka gama shan rana suna amayar da ita. Ka fito daga sanyin tasha, minti biyar wayar da ke aljihunka ta yi zafi, minti goma kanka ya fara sarawa. Na isa gida wata rana na zube a falo, ƙaramar 'yata ta tsaya a kaina tana tambayar uwarta ko Abba ba shi da lafiya.

A Kano wannan ba abin magana ba ne. Ka sauka daga bas ka ɗaga hannu, a daidaita sahu uku sun tsaya, a kai ka har ƙofar gida da ɗan canji. Nan babu irin wannan. Akwai bas na birnin, da ya fara aiki tun Maris 2023, sama da mota 800, masu tsabta da sanyi, kuma katina na wata ya haɗa da su. Na gwada. Wanda ya fi kusa da mu sai na yi tafiyar minti bakwai ko takwas kafin in kai inda yake tsayawa, sannan in jira, sannan shi ma ya shiga cunkoson da kowa ke ciki, don ba ko'ina aka ware masa hanyarsa ba. Wasu wuraren jiran ɗakuna ne masu sanyi, namu kuwa allo ne da ɗan rufi. In ka haɗa tafiya da jira, da ka taka da ƙafa da ka riga shi. Na koma kiran mota ta waya daga tasha zuwa gida, sai na ga wannan 'yar tafiyar tana cin ninki uku ko huɗu na kuɗin jirgin da ya ratsa da ni rabin birni. In na ɗore a haka, ribar da na ci a fakin ta zube a nan.

Maman yara ce ta warware, ta hanyar da ban hango ba. Tun ranar 24 ga Yuni 2018 mata ke tuƙi a ƙasar nan, kuma ta daɗe tana maganar lasin ina cewa mota ɗaya ce, wa zai ba wa wa. Yanzu ga mota a ƙofar gida tana shan ƙura daga safe har yamma. Ta yi rajistar makarantar tuƙi, ta yi darasin, ta ci jarrabawa. Na shiga Absher na yi mata tafwid, wato izinin tuƙa motar da ke da sunana, na tabbatar inshorar ta rufe ta. Muka sallami mai bas ɗin da ke kai yara makaranta, wanda shi ma kuɗinsa ba kaɗan ba ne. Yanzu da safe mu fita gaba ɗaya, ta sauke ni a tasha, ta wuce da yara, ta biya kasuwa, ta dawo, da azahar ta koma ɗauko su, da yamma in na fito daga Ud in kira ta ta taso.

Aljihuna ya huta, ba ƙarya. Amma in wani mai tsara birni ya ƙirga ni cikin waɗanda suka bar mota, ya ƙirga ba daidai ba. Motar tamu yanzu ta fi cin kilomita fiye da lokacin da nake zuwa aiki da ita. Abin da ya canza shi ne ta daina zuwa Ulayya, ta koma zagaye a kudu, inda ba mai karɓar ko halala.

Wannan zancen na kai majalisar Kawu wata Juma'a bayan an sauko. Gidansa can wajejen Shifa yake, inda jirgi bai kai ba, kuma sana'arsa raba kaya ce a shaguna da ƙaramar motar ɗaukar kaya. Na ɗauka zai fi kowa zagin kuɗin fakin. Sai ya ce, "A'a, ɗana, wannan kam sun kyauta mini. Da in na je Sulaimaniyya sai in yi zagaye uku ban samu inda zan tsaya ba, duk ku ma'aikata kun kwana a ƙofar shagunan mutane. Yanzu in je in samu gurbi, in sauke katan goma, in tafi, minti sha biyar ɗin ma ba ta cika ba." Ya kurɓi shayi ya ƙara da cewa, "Amma ranar da suka ce sai an biya kafin a bi Titin Sarki Fahad, ranar zan sayar da motar in koma Makka."

Nan majalisa ta kaure. Har yanzu ba a karɓar kuɗin bin titi a cikin Riyad, amma zancen ba ya mutuwa, duk bayan 'yan watanni sai ya taso a waya, kuma kowa na kallon Dubai. Can tun 2007 suke da Salik, dirhami 4 duk wucewa ta ƙarƙashin ƙofa, daga ƙarshen Janairun 2025 kuma suka mayar da shi dirhami 6 a lokutan cunkoso. Wani likita da ke zuwa majalisar, wanda ya yi karatu a Ingila, ya ce ai ba makawa sai an yi, kuma gara a yi. Ya kawo Singafo da ta fara tun 1975, da Landan da ta sa fam 5 a 2003, da Sitokholm da gwajin 2006 ya rage motocin da ke shiga tsakiyar birni da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Ya ce ko Niyok ta bi sahu da dala 9, kuma a ranar da aka buɗe layinmu na ruwan lemo suka fara. Kawu ya ce, "Likita, kai da kake da gurbi da sunanka a asibiti, ai kai titi za a share wa."

Ni a zancen nan rabina na wurin likita, rabina na wurin Kawu, kuma ba don in raba gardama ba. Ni shaida ne cewa kuɗi na tayar da mutum daga kujerar mota. An kashe wajen dala biliyan 22.5, an yi shekara goma ana tona garin nan tun 2014, muka sha karkata hanya da shingayen roba har muka saba, aka kawo taragon Siemens da Alstom, aka gina tashoshi kamar gidajen tarihi, duk bai sa na hau ba. Riyal 3.45 ce ta sa. Wanda ya ce a gyara jirgi kawai mutane za su zo da kansu, bai san daɗin kujerarka da sanyinka da rediyonka a watan Agusta ba. Kuma titin da ake cewa kyauta ne, ai ana biya, da awannin da ake zubarwa a kai.

Sai dai ni an matsa mini ne a inda nake da wurin matsawa. Tasha na ƙarƙashin ofishina, wata na unguwarmu, ga mata mai lasin. Kuɗin fakin ma da gangan aka fara shi a unguwannin da jirgi ya ratsa, shi ya sa ya yi ma'ana. Mutumin Shifa fa? Ko ma'aikacin da kamfani ya ajiye a bayan gari, ko mai gyaran na'urar sanyi da ke yawo da tsani da tukunyar gas? In ka sa masa kuɗin titi ba ka sauya masa hanya ba, ka rage masa cefane ne kawai. Ko likitan da kansa ya yarda cewa ranar da Landan ta fara karɓar nata kuɗin, sai da ta ƙara bas wajen 300 a kan titi, kuma birni ne da ya riga ya shekara fiye da ɗari da jirgin ƙarƙashin ƙasa. Mu namu ko yaye ba a yi masa ba. Kawu ya tuna mana da tsofaffin ƙananan bas na khaddul balad, Coaster masu hayaƙi da ke tashi daga Badha, yaron mota na rataye a ƙofa. Ya ce ba su da kyan gani, amma duk inda ka ɗaga hannu nan ne tasha. Ba na fatan su dawo yadda suke. Abin da suke yi dai, na shiga lungu su kwaso mutum, har yau ba a samu wanda ya gaje shi sosai ba.

A Agustan 2025 aka sanar cewa jirgin ya ɗauki fasinja miliyan 100 cikin ƙasa da wata tara. Na yarda, don ƙafata ta sha taku a Badha. Amma duk wanda ya leƙa Titin Sarki Fahad da ƙarfe bakwai na safe zai ga jajayen fitilu har iyakar ganinsa, kamar da. Garin ƙaruwa yake, kamfanoni na dawo da manyan ofisoshinsu, ga baje kolin duniya na 2030, ga gasar cin kofin duniya ta 2034 a gaba. Duk gurbin da irina ya bari a titi, kafin azahar wani ya shige.

Da lokacin sabunta haya ya matso, na ce bari in nemi gida kusa da tasha, yadda zan taka da ƙafa ko a Yuli, maman yara ta huta da jigilar yamma. Na zaga ofisoshin dillalai na gefen layin. Kowanne abin da yake fara faɗa kafin yawan ɗakuna shi ne, minti biyar zuwa metiro. Sun san abin da suke sayarwa. Bambancin da ke tsakanin hayarmu da tasu, in ka raba shi wata goma sha biyu, ya cinye abin da na tsira da shi daga fakin har ya nemi ƙari. Ana cikin haka, a ƙarshen Satumban 2025, aka fitar da umarnin dakatar da ƙarin kuɗin haya a Riyad na shekara biyar. Wanda ke cikin gida mai sauƙi ba shi da dalilin fita ke nan. Na kira mai gidanmu, muka sabunta a Ejar, shafin gwamnati na rajistar haya, a kan tsohon farashi, na zuba wa katin Darb wani riyal 140, maman yara kuma ta ce tayoyin gaba sun sude, a canza su kafin lokacin fahas.